Madarar Jarirai: Mai Suna Ko Mai Araha?

A ƙasar Amurka, uwar da ta shiga kanti neman madarar jariri takan tarar da iri biyu a jere. Akwai ta manyan kamfanoni, kamar Similac da Enfamil, akwai kuma wadda kantin ya sa aka yi masa da sunansa, kamar Parent's Choice ta kantunan Walmart. Ta biyun ta fi sauƙin kuɗi ƙwarai, amma iyaye da yawa na ɗari-ɗari da ita, wai araha ba ta ado.

To, a can doka ce ke tsaron jariri. Cikin 1979 aka gane wani kamfani ya rage gishiri a madararsa ta waken soya, har yara suka raunana. Saboda haka cikin 1980 majalisarsu ta kafa doka wadda ta ƙayyade abubuwan gina jiki da lalle ne a samu cikin kowane gwangwani, mai tsada da mai araha. Babban suna kuwa bai hana tsautsayi ba. Cikin Fabrairun 2022 aka rufe masana'antar Abbott, masu Similac, a garin Sturgis don zargin ƙwayoyin cuta, madara ta yi wuyar samu watanni.

Mu nan Nijeriya zaɓenmu yakan zama tsakanin ta ƙetare mai tsada da wadda ba ta kai ta kuɗi ba. Abin dubawa shi ne lambar NAFDAC, da ranar lalacewa, da watannin yaron da aka yi ta dominsa. Madarar shayi ba ta jariri ba ce, ko ta wane kamfani.

Abin da ya fi damunmu shi ne maigida ya cije ya sayo mai tsada don kada a raina shi, sa'an nan a riƙa tsinka ta da ruwa don ta kai ƙarshen wata. Yaro ya sha cikinsa ya cika, ga shi kuwa kullum ramewa ya ke yi. A ganinmu gara mai arahar da za a dama bisa ƙa'ida.

Likitoci dai sun ce nonon uwa zalla ya fi har wata 6. Wadda lalura ta hana, ta tafasa ruwa, ta dama kafin ya huce ƙasa da digiri 70, ta bari ya yi sanyi. Ƙa'idar awo galibi da Turanci ta ke, sai a nemi malamar asibiti ta nuna da cokalin da ke cikin gwangwanin.