Ƙafar Roba: Wa Ke Biyan Kuɗinta, Kuma Yaya Take Isa Kafanchan?

Duk wanda ya san Kudancin Kaduna ya san cewa tattalin arzikin yankin a kan ƙafa yake tafiya. Manomin citta a Kachia ko Jaba, da ɗan acaɓa a Kafanchan, da matar da ke ɗaukar doya zuwa kasuwa, idan ɗayansu ya rasa ƙafa, to jarinsa ne ya karye, kuma nauyin gidan ya koma kan 'yan uwa. Haɗarin babur, da ciwon suga, da ɗorin gargajiya da aka ɗaure har jini ya daina gudu, da rikice-rikicen da yankin ya sha fama da su, duk suna kai mutane ga yanke ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum 10 masu bukatar irin waɗannan kayayyaki, 1 kacal ke samu.

A Arewa, babban wurin da aka sani da wannan aiki shi ne Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959. A 2016 Kwamitin Red Cross na Duniya ya fara tallafa wa sashen ƙera ƙafafu na asibitin, galibi domin waɗanda rikicin Boko Haram ya naƙasa. Tun 1979 kwamitin yake wannan hidima a ƙasashe masu tasowa, kuma ya zaɓi wata roba mai rahusa da ake kira polifirofilin maimakon kaya masu tsada na Turai. Akan auna dungun da filasta, a fitar da siffarsa, sa'an nan a gasa robar a tanda a lulluɓa ta a kai. Da ita kuma ake yin takalmin tallafi na waɗanda shan inna ya shanye wa ƙafa.

Abin da zai fi jan hankalin 'yan kasuwa shi ne yadda aka samo kuɗin gina cibiyar Maiduguri. A 2017 kwamitin ya ɓullo da wata takardar lamuni wadda ba a taɓa yin irinta ba a aikin agaji, ta kuɗin Suwizalan faran miliyan 26, domin gina cibiyoyi 3: Maiduguri, da Mopti a Mali, da Kinshasa a Kwango. Masu zuba jari, ciki har da kamfanin inshora na New Re da abokan hulɗar bankin Lombard Odier, su ne suka ba da kuɗin aiki tun farko. Gwamnatocin Beljiyam, da Suwizalan, da Italiya, da Birtaniya, da gidauniyar "la Caixa" ta Sifen suka yi alkawarin biyansu bayan shekara 5, amma gwargwadon sakamako. Ma'aunin kuwa shi ne yawan ƙafafu da sauran kayan tafiya da ma'aikata suka haɗa wa mutane, idan aka kwatanta da tsofaffin cibiyoyi. In aiki ya yi kyau ƙwarai, mai jari na iya samun ribar da ta kai kashi 7 cikin 100 a shekara. In ya taɓarɓare, yana iya asarar kashi 40 na uwar kuɗinsa. Watau dai kasada ce irin ta kasuwa, aka shigo da ita fagen da a da sadaka ce kurum. An buɗe cibiyar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a 2020, wa'adin lamunin kuma ya cika a 2022.

To, amma Maiduguri ina, Kafanchan ina? Ƙafar roba ba hajar da ake saye sau ɗaya ba ce. Babba yakan bukaci sabuwa bayan 'yan shekaru, yaro mai girma kuwa kusan kowace shekara, ban da gyaran maɗauri da tafin da ya cinye. Ko an ba mutum kyauta, kuɗin mota zuwa Kano, da masauki, da kwanakin koyon tafiya, da ɗan rakiya da ya bar gonarsa, duk daga aljihun iyali suke fita. Ga shi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, a shekarar da cuta ta cinye citta a yankin, kuma a shekarar da shi kansa kwamitin ya sanar da rage ma'aikata kimanin 1,800 saboda ƙarancin kuɗi.

Akwai misalin da ya cancanci a duba a Legas, inda kamfanin Tolaram, masu Indomie, ya buɗe cibiyar Ishk da ke ba da ƙafar Jaipur ta Indiya kyauta, irin wadda mai ita ke iya tsugunawa ko shiga gona da ita. Kafanchan, mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, tana da babban asibiti, kuma tana tsakanin Jos, Kaduna da Abuja. Ƙaramin ɗakin gyara mai tanda ɗaya da ƙwararru 2 ko 3 bai fi ƙarfin manyan dillalan citta na yankin ba.