KIƊAN INJUNA DA LABARIN MAI HALAKA KANSA

Ran 8 ga watan Maris na shekara ta 1994, wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Amurka mai suna Nine Inch Nails ta fitar da faifai mai waƙoƙi 14, ana ce masa "The Downward Spiral", wato gangarawa zuwa ƙasa a murɗe. Shugaban ƙungiyar, Trent Reznor, shi ne ya tsara waƙoƙin. Tun satin farko faifan ya kai matsayi na 2 a jerin ciniki na Billboard.

Irin wannan kiɗa ana kiransa kiɗan masana'antu, saboda sautinsa ya yi kama da rurin injuna da bugun ƙarfe a maƙera. Reznor kan ɗauki sautin gita da ganguna ya zuba cikin kwamfuta, ya yayyanka, ya gurɓata su da gangan har su koma kamar kukan injin da ya lalace. Can sai ƙarar ta yanke, murya ta dawo ƙasa-ƙasa kamar raɗa. An ɗauki yawancin aikin a wani gida na Los Angeles, inda mabiyan Charles Manson suka kashe ƴar wasan sinima Sharon Tate da wasu mutum 4 a 1969.

Waƙoƙin duka labari guda suke ɗauke da shi: mutumin da ya yanke zumunci, ya juya wa addini baya, ya faɗa shan ƙwaya, har ya nemi kashe kansa. A 1995 wasu ƴan siyasar Amurka suka zargi ƙungiyar da yaɗa batsa da tashin hankali. Abin tausayi, ramin da Reznor ya waƙe shi ne ya rufta da shi, giya da ƙwaya suka ci ƙarfinsa, bai rabu da su ba sai 2001.

Bayan ya farfaɗo, ya shiga tsara kiɗan sinima tare da Atticus Ross, suka ci lambar Oscar a 2011 da 2021. Waƙar ƙarshe ta faifan kuwa, "Hurt", dattijo Johnny Cash ya sake rera ta a 2002 yana da shekara 70, ya rasu a 2003. A bakin saurayi kukan mai shan ƙwaya ce. A bakin tsoho ta zama nadamar mai ban kwana da duniya.