Hanyoyin Ƙafa A Duwatsun Kagoro Da Ƙauyukan Kafanchan

Duk wanda ya sauka a Kafanchan da hantsi, ya juya fuskarsa gabas, abin da zai fara tare masa ido shi ne Dutsen Kagoro, wanda ya miƙe kamar bango, tsayinsa ya haura ƙafa 4,000 daga gaɓar teku. A gindin wannan dutse da kewayensa akwai hanyoyin ƙafa waɗanda manoma da maharba da mata masu kai kaya kasuwa suka daɗe suna bi tun kafin zuwan Turawa. Yanzu kuwa samari da 'yan mata daga Kaduna da Abuja da Jos sun fara biyo su don motsa jiki da buɗe ido. Sai dai wannan arziki da Allah ya ba Kudancin Jihar Kaduna yana neman salwanta saboda rashin kula da kuma rashin kwanciyar hankali.

Shi garin Kafanchan jirgin ƙasa ne ya raya shi. A shekarar 1927 ne hanyar jirgi da ta taso daga Fatakwal ta biyo ta Inugu da Makurɗi ta haɗu da ta Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga nan zuwa Jos saboda ɗaukar kuza. Da garin ya bunƙasa, sai aka taso da fadar Sarkin Jama'a daga tsohon garin Jama'a aka dawo da ita nan a 1933. Yau dai harkar jirgin ta ja baya ƙwarai, amma garin yana nan a matsayin mahaɗa, domin mota tana zuwa daga Kaduna ta Kachia, daga Abuja ta Kagarko da Kwoi, daga Jos kuma ta Manchok ko ta Gidan Waya. Saboda haka nan ne ya fi dacewa baƙo ya yada zango.

HAWAN DUTSE

Hanya ta farko, wadda kuma ta fi suna, ita ce ta hawan Dutsen Kagoro a Ƙaramar Hukumar Kaura. Daga Kafanchan zuwa Kagoro bai kai mil goma ba. Masu hawa sukan tashi da sanyin safiya, domin hanyar tana da tsayi da gangare, in rana ta take sai gumi ya hana mutum sakat. Tana ratsa tsakanin manyan duwatsu da kogunan dutse da 'yan ƙoramu masu ruwan sanyi. Wanda ya kai sama zai tarar da fili da gonaki da gidajen mutanen da har yanzu ba su sauko ba, in kuma ya waiwaya zai hango Kagoro da Kafanchan shimfiɗe a ƙasa kamar tabarma.

Wannan dutse shi ne garkuwar mutanen Kagoro, waɗanda suke kiran kansu Agworok. A zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi a kansa suke fakewa, dawaki kuwa ba su iya hawa. Dalili ke nan da ya sa Turawa suka tarar da su ba sa ƙarƙashin Zazzau ko Jama'a, aka bar su da sarautarsu, kamar yadda aka bar Jaba da Marwa. Marigayi Malam Gwamna Awan, wanda ya hau sarautar Kagoro a 1945 ya riƙe ta har rasuwarsa a 2008, a zamaninsa ne aka tsayar da ranar 1 ga Janairu don bikin Afan. Kalmar Afan a harshensu dutse take nufi, asalin bikin kuwa na ƙarshen girbi ne da buɗe farauta. Baƙon da ya daidaita tafiyarsa da wannan rana ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Kusa da Kagoro akwai kurmin Nindam, gandun daji na Gwamnati mai dogayen itatuwa, inda masanan tsuntsaye suka sami irin tsuntsayen da aka saba gani a kurmin Kudu kawai. Yawan ruwan saman da dutsen yake tarewa shi ya sa wannan kurmi ya rayu a tsakiyar ƙasar Arewa.

RUWAN MATSIRGA

Hanya ta biyu ta fi sauƙi, ko dattijo ma yana iya binta. Ita ce ta zuwa magangarar ruwa ta Matsirga, kusa da Madakiya, 'yar tafiya kaɗan daga Kafanchan. Ruwan daga maɓuɓɓugan Dutsen Kagoro yake tasowa, ya zo nan ya faɗo daga tsayin kusan mita 30 cikin wani kwazazzabo. A watannin Agusta da Satumba tun daga nesa ake jin rugugin sa, feshin sa kuma yakan tashi kamar hayaƙi. A lokacin ne ya fi kyaun gani, a lokacin ne kuma ya fi haɗari, domin duwatsun suna da santsi. Hanyar tana bi ta cikin gonakin dawa da acca da gwaza, saboda haka wajibi ne mai tafiya ya tsaya kan turba, kada ya tattake wa talaka amfanin gonarsa.

ƘASAR JABA DA NOK

Hanya ta uku tana yamma, a ƙasar Jaba, watau mutanen Ham, masu hedkwata a Kwoi. Nan tuddai ne marasa tsanani da gonakin citta, wadda ta sa sunan wannan yanki ya kai kasuwannin duniya, ko da yake cutar da ta faɗa wa cittar a daminar 2023 ta karya manoma da yawa. A gindin duwatsun nan ƙauyen Nok yake. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a wurin. A 1943 kuma aka kai wa wani Baturen mulki mai suna Bernard Fagg wani kan irinsa da aka samu wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. Fagg ya lura kawunan nan aikin al'umma ɗaya ne, ya sa musu sunan Nok, ya kuma kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952. Masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka fara bincike a 2005, sun nuna cewa asalin mutanen Nok ya kai shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa.

Abin baƙin ciki, ɓarayin kayan tarihi sun haƙe wurare masu yawa sun sayar da abin da suka samu a ƙasashen waje. Har gidan tarihi na Louvre da ke Faransa aka ga kayan Nok a shekarar 2000, sai da aka yi ta ja-in-ja kafin Faransa ta yarda a 2002 cewa na Nijeriya ne, aro aka ba ta. Don haka duk baƙon da aka yi wa tallar irin wannan kaya a ƙauye, ya sani doka ta hana saye da fitar da su.

SHIRIN TAFIYA

Lokacin da ya fi dacewa da hawan dutse shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe, hunturu ya rage zafin rana. Ana bukatar takalmi mai kama ƙasa, da gorar ruwa, da sanda, da 'yar rigar sanyi. Kada a tafi mutum ɗaya, kada kuma a bari magariba ta yi a kan dutse. Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne a fara zuwa gaida mai unguwa ko dagaci, a nemi izini, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora, a kuma sallame shi da abin kirki. Matambayi ba ya ɓata. Akwai wuraren da mutanen gari suke girmamawa tun kaka da kakanni, baƙo ba ya shiga sai da izini. Hausa kuwa ana jin ta a kowane ƙauye, ba a bukatar tafinta.

Babbar matsalar ita ce tsaro. Rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011 sun bar tabo. A 2022 ma 'yan bindiga sun kai hari Kagoro cikin watan Maris, suka kuma kai Malagum cikin Disamba, aka yi asarar rayuka da gidaje. Duk lokacin da irin wannan ta faru sai baƙi su ɗauke ƙafa, asarar kuwa ta faɗa kan mai abinci da ɗan acaɓa da mai masauki da yaron da ke yin jagora, Kirista da Musulmi baki ɗaya. Ya kamata mai niyyar zuwa ya tuntuɓi mutanen gari da 'yan sanda tukuna. Ban da wannan ga saran itace don gawayi da ƙunar daji, waɗanda ke cin kurmin da ke riƙe da ruwan Matsirga.

Aikin da ke gaban Gwamnatin Jihar Kaduna da Ƙananan Hukumomin Jama'a da Kaura da Jaba bai fi ƙarfinsu ba. A sa alamu a kan hanyoyin, a gyara matakala inda ta lalace, a horar da samarin ƙauyuka aikin jagora a yi musu rajista, kuɗin shiga kuma a bar wa ƙauyen wani kaso. In mutanen wuri suka ga amfanin dutse da kurmi a aljihunsu, su da kansu za su tsare su. Sarakuna da shugabannin addini kuma su ci gaba da haɗa kan jama'a, domin baƙo ba ya zuwa garin da masu shi ba sa barci da ido biyu.