Ko ka san na'urar hoton ƙirji inuwa kawai take gani?

Mutum zai shiga asibiti a Gusau da ƙafarsa, babu tari babu zazzaɓi, hoton ƙirji kawai aka ce ya yi saboda neman aiki ko shirin tiyata. Sai likita ya ɗaga hoton, ya nuna wani farin ɗigo a huhu. Nan take gaba ya faɗi, an fara tunanin ciwon daji.

A kwantar da hankali tukuna. Hasken eksire, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, yana ratsa iska salin-alin, shi ya sa huhu ke fitowa baƙi, haƙarƙari kuwa fari fat don ƙashi na tare shi. Komai na gaba da na baya a shafi ɗaya yake taruwa. Maɓallin riga, sarƙa, jelar kitso, har kan nono, duk suna iya fitowa kamar tabo a huhu. Dalilin "cire riga, ja numfashi, riƙe" ke nan.

In ɗigon na ciki ne da gaske, sau da yawa tabon tarin fuka ne da jiki ya yaƙa tun tuni, mai shi bai ma sani ba. Amma hoto ba ya iya rantsuwa cewa ƙwayar ta mutu. Sai an gwada kaki a na'urar GeneXpert, wadda ke ba da sakamako cikin kamar awa 2. In an same ta, maganin wata 6 ne, kyauta.

A Zamfara akwai tambayar da bai kamata likita ya tsallake ba: mene ne sana'arka? Kowa na tuna gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum, amma ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a bushe tana tata ɓarnar a ɓoye. Tana daskarewa a saman huhu, bayan shekaru ta fito a hoto ɗigo-ɗigo, har a ɗauka tarin fuka ne. Wani ma duka biyun gare shi.

Sai tsohon hoto. Ɗigon da ya shekara 2 bai ƙara girma ba, galibi ba na tsoro ba ne. Wanda ya girma shi ake bi da hoton siti-sikan. Don haka wanda aka turo daga Tsafe ko Bunguɗu zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ya lalubo ambulan ɗin tsohon hotonsa da ke ƙasan akwati ya taho da shi.