Rumbunan ajiyar bayanai: Yadda ake fama da zafi da cin wuta

Duk sanda muka ɗora hoto ko bidiyon biki a Facebook ta wayar salula, da yawanmu na zaton abin yana yawo ne a iska. Ba haka ba ne. Yana can ajiye cikin wasu manyan gine-gine da aka jera dubban kwamfutoci, waɗanda ba a kashe su dare da rana. Su ake kira rumbunan ajiyar bayanai.

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 waɗannan rumbuna sun ci wutar lantarki kimanin kilowat-awa miliyar 415, wato kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar da duniya ta yi amfani da ita, kuma tana hasashen adadin zai ninka nan da 2030. A ƙasar Ayilan, rumbunan sun lanƙwame kashi 21 cikin 100 na wutar ƙasar a 2023.

To, ina wannan wuta take tafiya? Duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take komawa, kuma idan ba a fitar da zafin ba na'ura ta lalace. A matsakaicin rumbu, kowane kilowat ɗaya da kwamfutoci suka ci, sai an ƙara kusan rabinsa wajen sanyaya wuri da sauran hidima. Wasu rumbunan kuma ruwa mai yawa suke sha domin wannan aiki.

Shi ya sa manyan kamfanoni suka bi sanyi zuwa inda yake. A 2009 Google ya sayi wata tsohuwar masana'antar takarda a garin Hamina na ƙasar Finlan, ya mayar da ita rumbu da ake sanyayawa da ruwan teku. A 2013 Facebook ya buɗe nasa a Lulea, arewacin Suwidin, inda iska mai sanyi take kyauta, wutar kuma daga madatsun ruwa take. A Odense ta Danmak, zafin da ke fita daga rumbun kamfanin shi ake tura wa gidaje su ɗumama ɗakuna.

Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mu da ke ƙasashen zafi ba mu da ƙanƙara, saboda haka darasinmu yana wajen Singafo. A 2019 ƙasar ta dakatar da gina sababbin rumbuna, ba ta sake buɗe ƙofa ba sai 2022, tare da sharaɗin tsimin wuta. A 2023 kuma ta fitar da ƙa'idar da ke ba da dama a bar zafin ɗakin kwamfutoci ya kai digiri 26 ko fiye, maimakon sanyin da aka saba, domin kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage wutar sanyaya.

Idan ba mu manta ba, a watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, birane irin su Yamai da Maraɗi da Zinder sun ɗanɗana kuɗarsu. A wannan shekarar ce kuma tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 ta fara aiki. Ajiye bayanan gwamnati da na bankuna a gida abu ne mai kyau, amma duk wanda zai gina mana rumbu, ya kamata hukumomi su tambaye shi tun farko: ina wutarka, ina ruwanka, kuma yaya za ka yi da zafin bazara da ƙurar hunturu? Bai dace kwamfuta ta sha sanyi alhali asibiti na cikin duhu ba.