RUWAN KWAƊO SHI NE LAFIYARSA

Kowace shekara da zarar damina ta sauka a Sakkwato, wajen watan Yuni, kukan kwaɗi yakan cika fadamun Gulbin Rima da kududdufan bayan gari. A wannan lokaci ne ɗalibai masu karatun Bayoloji sukan debo ƙwai da talibambam su kawo ɗakin gwaje-gwaje, don su ga da idonsu yadda ƙafafu suke fitowa, wutsiya kuma ta ɓace. Waɗansu ma sukan ajiye nasu a gida cikin baho. Abin baƙin ciki shi ne, sau da yawa kafin mako biyu sai a iske duk sun mutu. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mu 'yan ajin kimiyya mun ga ya dace mu bayyana dalilin wannan hasara, da yadda za a kauce mata.

Fatar kwaɗo

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki kamar akuya ko kaza. Ta fatarsa yake zuƙar ruwa, musamman fatar cikinsa. Ta nan kuma yake samun wani kashi na iskar da yake numfashi da ita. Saboda haka duk abin da ke cikin ruwan da ya zauna, mai kyau ko marar kyau, yakan iya shiga jininsa. Talibambam kuwa, kamar kifi yake, ba shi da inda zai gudu. Kashinsa da ragowar abincinsa suna ruɓewa su saki wani sinadari mai guba da ake kira amoniya. A kududdufi ruwa yana da yawa, ga tsire-tsire da ƙananan halittu masu cinye dattin. A cikin baho babu mai yin wannan aiki sai mu.

Wane ruwa za a zuba?

Ruwan famfo ana sa masa kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta. Wannan alheri ne ga ɗan Adam, amma ga talibambam guba ne. Sai a tari ruwan a buɗaɗɗen bokiti, a bar shi kwana ɗaya ko biyu a inuwa don kulorin ya fice kafin a yi amfani da shi. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta yana da kyau, haka nan ruwan rijiya mai daɗi. Kada a debo ruwan kwata, ko wanda ya gangaro daga gonar da aka yi wa feshi ko aka zuba wa takin zamani.

Mu tuna kuma da zafin garinmu. A watannin Afrilu da Mayu awon zafi yakan wuce digiri 40, kuma ko da damina rana takan yi ƙuna. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, ga shi datti ya fi saurin ruɓewa a cikinsa. Don haka inuwa ce mazaunin baho, ba bakin taga ba.

Dokokin tsabta

1. A sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan talibambam bayan kwana biyu ko uku. Kada a juye duka a lokaci guda, domin sauyi na farat ɗaya yana gigita su. Sabon ruwan ya kasance sanyinsa ɗaya da tsohon.

2. Kada a cunkusa su. Goma masu rai sun fi ɗari matattu. Sauran a mayar da su inda aka debo su tun ranar.

3. A ba su abinci kaɗan, kamar ganyen alayyafo ko latas da aka dafa ya yi laushi. Abin da ba su cinye ba a kwashe shi kafin dare.

4. Idan ƙafafun gaba sun fito, a rage ruwan, a sa dutse ko guntun kasko wanda zai ɗara ruwan tsayi. A wannan mataki sun koma numfashi da huhu, in ba su sami wurin hawa ba sai su nutse.

5. Babban kwaɗo mai kaushin baya, wanda muke gani a tsakar gida da dare, a tudu ya fi zama. Yana bukatar ƙasa mai laima, da wurin ɓuya, da ɗan kaskon ruwa marar zurfi. Yakan yi kashi a ciki, saboda haka kullum a wanke kaskon a sake ruwa. Abincinsa ƙwari ne masu rai, irin su gara, shinge, gyare da ƙananan fara. A rufe mazubin da raga don iska ta shiga, sauro kuma kada ya yi ƙwai.

6. Kada a wanke mazubi da sabulu, ko garin wanki, ko Dettol. Ruwan zafi da soso sun isa, sa'an nan a shanya a rana. Kada kuma a fesa maganin sauro a ɗakin da suke.

Alamun ciwo

Kwaɗon da ya daina cin abinci, ya yi lakwas, cikinsa ya kumbura, ko cinyoyinsa da cikinsa suka yi ja, ba shi da lafiya. Wannan jan fata ana kiransa ciwon jar ƙafa, kuma yawanci ƙwayoyin cuta da ke yaɗuwa a gurɓataccen ruwa ne suke kawo shi. A ware marar lafiya nan da nan, a wanke mazubin, a sanar da malami.

Akwai kuma wata cuta da ta fi wannan tsanani. A shekarar 1998 masana suka gano wani nau'in fumfuna da ke kama fatar kwaɗi yana hana ta aiki. Ya yi ɓarna ƙwarai a Ostareliya da Amurka ta Tsakiya. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna cewa ya rage yawan nau'o'i kimanin 500, kuma ana jin 90 daga cikinsu sun ƙare ƙaf. Fataucin kwaɗi daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin abubuwan da suka yaɗa shi. Darasinmu a nan shi ne, kada a saki kwaɗo marar lafiya cikin gulbi, kada kuma a kai na wani wuri zuwa wani ruwa dabam.

Lafiyarmu mu ma

Kwaɗo yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai sa zawo da zazzaɓi, alhali shi lafiyarsa lau. A Amurka, tsakanin 2009 da 2011, mutane fiye da 200 suka kamu da ita daga ƙananan kwaɗin ruwa da ake kiwo a gidaje, yawancinsu yara. Saboda haka a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa kwaɗo ko ruwansa. Kafin a taɓa shi kuwa, a ɗauraye hannu da ruwa zalla, don man shafawa da sabulu suna cutar da shi. Kada a wanke bahonsa a inda ake wanke kwanukan abinci, kada a zuba ruwan kusa da randa. Mai kaushin baya yana fitar da wani farin ruwa mai ɗaci a bayan idanunsa, kada a bari ya taɓa ido ko baki.

Masu zuwa ɗiba kuma su yi hattara. Ruwan kududdufi da na fadama yakan ƙunshi dodon koɗi mai yaɗa tsargiya. A tsaya a gefe a yi amfani da koma ko ludayi mai dogon hannu, kada a shiga ruwan, kada kuma ɗalibi ya tafi shi kaɗai.

Kammalawa

Littafin Farawa ya koya mana cewa Allah ya danƙa wa mutum kula da halittunsa. Kwaɗo ƙaramin abu ne, amma yana cinye ƙwarin da ke ɓata amfanin gona. Wanda ya ɗauke shi daga gidansa ya ɗauki amana. In an gama darasi, a mayar da masu lafiya inda aka samo su. Wanda kuwa ya san ba zai iya sauya ruwa a kan kari ba, gara ya bar su a fadama ya je can ya kalle su. Rigakafi ya fi magani.