Idan kwamfutar ofis ta ƙi: abin da ma'aikaci zai iya gyarawa da kansa, da abin da ya fi ƙarfinsa

Akwai wani yanayi da kusan kowane ma'aikaci a Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da ke Abuja ya taɓa shiga. Saura awa guda a fara taro, Darakta yana jiran takardar da za a kai wa Babban Sakatare, sai kwamfuta ta sandare, ko wuta ta ɗauke kafin janareta ya kama, ko firinta ta yi gum da takardar a cikinta. A tura masinja sashen fasahar sadarwa, ya dawo da labarin cewa jami'in yana wani bene yana fama da matsalar wasu.

A shekarun baya, idan hakan ta faru, ana komawa ga fayil ɗin takarda da ke cikin durowa. Wannan mafita tana ƙara ƙuncewa, tun bayan da Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta ɗibar wa ma'aikatu wa'adin 31 ga Disamba 2025 su mayar da harkar takardunsu kan kwamfuta. Tsayawar kwamfuta a yau tsayawar fayil ce, kuma a bayan kowane fayil akwai mai jiran ƙarin girma, ko ɗan kwangila mai jiran biya, ko ɗan fansho mai jiran haƙƙinsa. Mafi yawan matsalolin da ke janyo wannan tsaiko sanannu ne, kuma ma'aikaci zai iya warware su a kan teburinsa cikin 'yan mintuna idan ya san inda zai duba.

Aikin da wuta ta tafi da shi

Asarar da ta fi ciwo ita ce ta takardar da aka shafe sa'o'i ana rubutawa ba a adana ba. Manhajojin Word da Excel suna ajiye kwafin gaggawa da kansu, amma a tsarinsu na asali duk bayan minti 10 suke yin hakan. A ofishin da wuta ke yawan ɗaukewa, minti 10 na iya zama shafi guda cur. Ana rage wannan tazara zuwa minti 2 ko 3 ta hanyar shiga File, sannan Options, sannan Save.

Idan asarar ta riga ta auku, matakin farko shi ne a sake buɗe manhajar, domin sau da yawa takan nuna kwafin da ta ceto a gefen hagu. Idan bai bayyana ba, a shiga File, sannan Info, sannan Manage Document, a zaɓi Recover Unsaved Documents. Waɗannan kwafi ba sa daɗewa kafin manhajar ta share su, don haka a nemo su a ranar. Takardar da kuma ta ƙi buɗewa bayan ɗaukewar wuta, akwai zaɓin Open and Repair a jikin ƙaramar kibiyar da ke kusa da maɓallin Open.

Kwamfutar tebur ba ta da batir, saboda haka na'urar UPS ce kaɗai ke ba ta 'yan mintunan da za a adana aiki a kashe ta cikin tsari. Batirin wannan na'ura yakan mutu bayan 'yan shekaru, ita kuwa ta ci gaba da haska fitilarta kamar lafiya ƙalau. Gwajin mai sauƙi ne: a adana komai, a zare ta daga soket, a ga ko kwamfutar za ta ci gaba da aiki.

Wasu ma'aikata, don gudun asara, sukan tura takardun ofis zuwa akwatin imel ɗinsu na kansu ko zuwa WhatsApp. Wannan dabara tana iya jefa mutum cikin matsalar da ta fi asarar takarda, domin Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 duk suna da abin cewa game da inda bayanan hukuma da na mutane suke kwana. Kwafin ajiya ya kamata ya zauna a rumbun da ma'aikatar ta amince da shi.

Sandarewa da nauyin aiki

Idan allo ya sandare, hannu yakan tafi kai tsaye ga maɓallin kashewa. Wannan shi ne matakin ƙarshe, domin yana iya lalata fayil ɗin da ke buɗe. Sau da yawa manhaja ɗaya ce ta maƙale, sauran na'urar kuwa lafiyarta lau. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare yana buɗe Task Manager, inda ake ganin wace manhaja ce ta cinye ƙarfin na'urar, a rufe ta ita kaɗai. A nan ne kuma ake samun jerin manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfuta, waɗanda rabinsu ba a bukatar su, kuma su ne ke sa a yi ta jira da safe.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne bambancin Shut down da Restart. A Windows 10 da 11 akwai tsarin saurin tashi wanda ke adana wani ɓangare na halin da na'urar take ciki idan aka kashe ta, ya dawo da shi washegari, har da matsalar da ke ciki. Restart ne ke share komai a fara daga farko. Kwamfutar da ake kashewa kowace yamma tana iya shafe makonni ba ta samu irin wannan wankin ba.

Sauran musabbabai biyu na nauyi su ne cikar rumbun ajiya da zafi. Windows yana bukatar sarari a rumbun C domin aikinsa, kuma idan layin da ke nuna rumbun ya koma ja, to lokacin share tarkacen Downloads da kwandon shara ya yi. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar na'ura, idan ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Idan Word ne kaɗai ke rufewa da zarar an buɗe shi, riƙe Ctrl yayin buɗewa yana tashe shi ba tare da ƙarin manhajojin da aka liƙa masa ba, wanda hakan ke nuna ko ɗaya daga cikinsu ce mai laifin.

Kuskuren da ba ya ƙara

Matsalolin da aka ambata duk suna bayyana kansu. Na Excel kuwa sukan wuce shiru, sai takarda ta kai ofishin biyan kuɗi a gano su. Manhajar tana ɗaukar duk jerin alƙaluma a matsayin adadin lissafi, kuma a lissafi sifilin farko ba shi da amfani, don haka takan jefar da shi. Lambar waya mai alƙaluma 11 da ta fara da 080 sai ta koma 10. Lambar asusun banki mai alƙaluma 10 da ta fara da sifili sai ta koma 9 ko 8, banki ya mayar da jadawalin biya, mutane su yi ta jiran alawus ɗin da aka ce an tura.

Lamba mai alƙaluma 12, irin ta biyan kuɗi ta Remita, takan rikiɗe zuwa wani abu mai kama da 2.8E+11. A wannan matakin lambar tana nan a ɓoye, amma idan aka adana fayil ɗin a tsarin CSV a haka, ta tafi. Abin ya fi muni ga lambar da ta haura alƙaluma 15, domin Excel yana mayar da duk abin da ya biyo bayan na 15 zuwa sifili, kuma babu hanyar dawo da shi. Maganin duka ukun ɗaya ne: a mayar da layin zuwa Text kafin a fara shigar da lambobin, ko a sa alamar ' a gaban kowace lamba. Fayil ɗin CSV da aka turo daga wani sashe kuma a shigo da shi ta Data, sannan From Text/CSV, a ayyana layukan lambobi a matsayin rubutu.

Kwanan wata ma tarko ne. Kwamfutar da aka bari a tsarin Amurka tana karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris, alhali marubucin yana nufin 3 ga Afrilu. A jadawalin ranar kama aiki ko ranar ritaya, wannan bambanci na wata guda yana shafar haƙƙin mutum. Ana gyara shi a sashen Region na Windows ta hanyar zaɓar Najeriya. Alamomin ##### kuwa, da ke tayar wa sababbin ma'aikata hankali, faɗin layi ne kawai ya yi kaɗan.

Manyan hukumomi ma sun faɗa wannan rami. A Oktoban 2020, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon gwajin korona 15,841 bai shiga ƙididdigarta ba, saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil na XLS wanda ba ya ɗaukar fiye da layuka 65,536. Sabon tsarin XLSX yana ɗaukar 1,048,576. Dubban mutanen da suka yi hulɗa da masu cutar ba a neme su a kan lokaci ba.

Firinta da alamar Naira

Firintar da ta ƙi aiki galibi takarda ɗaya ce ta maƙale a layin jira ta tare na bayanta, kuma ƙara danna Print sau goma tsawaita layin kawai yake yi. A buɗe layin a soke komai. Idan ya ƙi sokuwa, a sake tayar da hidimar Print Spooler daga sashen Services, ko a yi Restart. Takardar da ta fito da gefe a yanke kuwa, yawanci an tsara ta ne a girman Letter na Amurka, alhali A4 ce a cikin firinta. Takardar da za a tura wani ofis a mayar da ita PDF, domin tsarinta ba zai wargaje a wata kwamfutar ba.

A cikin Word, rubuta 20A6 sannan danna Alt da X yana fitar da alamar ₦. Haka 0199 ke ba da ƙ, 0257 ke ba da ɗ, 0253 ke ba da ɓ, ga masu shirya sanarwa da Hausa.

Inda hannun ma'aikaci ya tsaya

Akwai matsalar da babu dabarar tebur da za ta gyara. A ranar 14 ga Oktoba 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, tare da Office 2016 da Office 2019. Kwamfutocin suna ci gaba da aiki, amma duk wata kafar kutse da aka gano daga baya ba za a toshe ta kyauta ba. Windows 11 yana bukatar guntun tsaro na TPM 2.0 da sabon injin sarrafawa, abin da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Ga hukumomi, kamfanin yana sayar da ƙarin kariya a kan dala 61 ga kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara har zuwa shekaru uku. Wannan magana ce ta kasafin kuɗi da sayen kaya, kuma masu taimaka wa manyan jami'ai su ne suka fi kusa da kunnen da ya kamata ya ji ta.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Mayun 2017, manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150 ta wata kafa da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris. Asibitocin Ingila da ba su sabunta na'urorinsu ba sun soke ganin likita kimanin 19,000. Saƙon sabuntawa da ake ta ɗagawa zuwa gobe shi ne irin wannan magani. Manhajar Office ta sata da ake girkawa a kasuwa, da filashin da ke yawo tsakanin ofis da shagon buga takardu, da fayil ɗin imel da ke roƙon a danna Enable Content, duk ƙofofi ne da ake buɗewa da hannu.

Alamomi huɗu ne ke nuna cewa lokacin tsayawa a kira jami'in fasaha ya yi: shuɗin allo ko baƙi mai saƙon kuskure da ke maimaituwa, ƙarar ƙas-ƙas daga rumbun ajiya, allon da ke neman mabuɗin BitLocker mai alƙaluma 48, da fayilolin da sunayensu suka sauya suka ƙi buɗewa. A na ƙarshen, a zare wayar intanet nan take, kada a saka filashi, a sanar da sashen fasaha domin su kai rahoto ga cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Kafin jami'in ya iso, a ɗauki hoton saƙon kuskuren da waya, a rubuta lokacin da abin ya faru da aikin da ake yi a lokacin, domin da waɗannan bayanai uku zai fara bincikensa.